Mu masu aika kaya ta jirgin sama, wa zai yi mamu bayanin doka da Hausa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ɗan bani fili, kuma ko wasiƙar ta yi tsawo don Allah a yi haƙuri a buga ta yadda take, domin abin ya daɗe yana cina a rai kuma na san ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ni ɗan kasuwa ne a nan cikin Katsina, sana'ata huluna da ɗinkakkun kayan maza, shadda da yadi, sai ɗan abin da ba a rasa ba na tsaraba. Shekara shida kenan da na fara aika wa 'yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka da Saudiyya da Dubai kaya ta kago. A WhatsApp ake ciniki, mutum ya zaɓa ya turo kuɗɗi, ni kuma in ɗaure katan in kai tasha in ba direba, ya bi da shi ta Charanchi da Kankiya da Bichi har Kano, can ejan ya amsa ya ɗora a sikeli ya faɗa mani kuɗɗin kilo in tura mashi, shikenan sai jiran lambar webil, wato takardar da ke rakiyar kayan. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa zaunar da ni yace ga abin da doka ta yarda a sa a jirgi ga wanda ta hana, iyakar tambayar da ake mani ita ce "Alhaji ba dai ƙwaya ciki ko?" in ce a'uzubillahi, a wuce wurin.

To bara sai abu ya faru. Wata baiwar Allah 'yar garin nan da ke zaune Ingila zata aurar da ɗiyarta, ta bani aikin ankon angwaye, kaftani sha biyu da hulunansu, ta ƙara da yaji da kuka da daddawa da kwalba shida ta humra. Na haɗa komai da sauran sati ukku biki, a lissafina ko rarrafe kayan suke zasu isa. Da na kira ejan ina lissafa mashi abin da ke ciki sai yace bar wannan dogon lissafin Alhaji, tufafi kawai zamu rubuta, in ka cika bayani su cika tambaya. Na yarda, kuma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da ban sani ba shine ya haɗa kayana da na mutum wajen goma a ƙarƙashin webil ɗaya, wanda dama haka aikin yake ba laifi bane, to amma a Legas da aka tura lodin cikin na'ura sai ga batura sun fito a allo, aka sauke duka aka farke katan ɗaya bayan ɗaya, aka tarar da fawa banki cunkushe cikin kayan wani da aka rubuta takalma, ga turaren fesawa a na wata, ga humrata da babu ita a takarda. Kwana sha tara kayan na zaune a sito. Aka ɗaura aure aka kai amarya angwaye basu ga anko ba. Kuɗɗin da na maida bai dame ni ba kamar muryar matar nan a waya, ba ta zage ni ba bata ɗaga murya ba, cewa kawai tayi "Alhaji na amince da kai ne shi yasa ban ba kowa ba." Har yau bata sake sayen ko hula ɗaya a hannuna ba kuma ban ga laifinta ba.

Da farko ma'aikatan filin jirgi na riƙa tsinewa, ina cewa neman na goro ne kawai. Sai da ɗan yayata da ke aiki a rumbun kago na wani kamfani a Legas ya zo hutun Babbar Sallah, muna zaune ƙofar gida bayan isha'i ina ta ƙorafi, ya bari sai da na gama sannan yace "Kawu kayi haƙuri, amma ka san ina katan ɗinka ke zama a cikin jirgi?" Nace jirgin kaya mana. Yace ba kullum ba, kaso mai yawa na kagon duniya a cikin cikin jirgin fasinja yake tafiya, ƙarƙashin ƙafafun mutane ɗari biyu ko ɗari ukku, mata da yara da tsofaffi, kuma babu wanda zai iya sauka can ƙasa ya duba in wani abu ya kama hayaƙi ana tsakiyar sama. Wallahi Edita jikina yayi sanyi, don ni kaina na hau jirgin Hajji daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ban taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashina ba. Daga wannan daren na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na samu shi nake son 'yan uwana 'yan kasuwa su ji.

Dokokin nan ba Najeriya ta ƙirƙiro su ba. Akwai hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta ƙasar Kanada, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chikago ta 1944, kuma babi na 17 cikin ƙa'idojinta shine na tsaro, na 18 kuma na kaya masu haɗari. Kowace ƙasa ta ɗauka ta zuba cikin dokarta, a wurinmu NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ke sa ido, hukumar FAAN ke riƙe da filayen. Kuma kusan duk wani tsanani da aka ƙara sai da aka zubar da jini ko aka kusa. A Disambar 1988 jirgin Pan Am ya tarwatse a saman garin Lokabi na Sikotland, mutum 270 suka mutu, bam ɗin cikin rediyo mai kaset aka ɓoye shi aka sa a akwati, akwatin ya hau jirgi mai shi bai hau ba. Mu Katsinawa kuma ba sai an tuna mamu da Disambar 2009 ba, da yaron nan ɗan babban gida mai asali da Funtuwa yayi yunƙurin tada bam a jirgin Amsadam zuwa Detroit, duk da mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka ya kai rahotonsa tun kafin nan, mun ga yadda duk mai koren fasfo ya sha bincike bayan wannan.

Amma wanda ya juya harkar kago gaba ɗaya shine na ƙarshen Oktoban 2010. Daga Sana'a ta Yaman aka aika kwali biyu zuwa Chikago, ɗaya ta kamfanin aika kaya na UPS ɗaya ta na FedEx, a takarda firinta ce, a zahiri ma firinta ce, sai dai an zazzage garin tawadar da ke cikin kwanson an ɗura sinadarin bam na PETN, irin wanda yaron can na 2009 ya ɗauka. Ɗaya aka kama a Dubai bayan ya riga ya hau jiragen fasinja biyu ta Doha, ɗaya a filin East Midlands na Ingila, kuma abin da ya fi bani tsoro shine na Ingilan an duba shi da farko har da karnuka ba a ga komai ba, sai da aka sake komawa. Jami'an leƙen asirin Saudiyya ne suka bada lambobin kwalayen, ba don haka ba da sai dai wani labarin. Kaga kenan kwali mai kyau, da adireshi, da rasit, da kamfani sananne, ba shi ke nuna lafiya ba. Kuma abin bai tsaya a tarihi ba, a Yulin 2024 wasu ƙunshin kaya da aka aiko daga Lituweniya sun kama da wuta a rumbunan DHL a Laifzig ta Jamus da kusa da Bamingam, an ɓoye abin ƙonewa cikin matashin tausa, na Jamus ɗin jinkirin jirgi ne yasa ya tashi a ƙasa ba a sama ba.

Bayan na Yaman Tarayyar Turai ta fito da tsarin da suke ce wa ACC3, ma'ana duk kamfanin jirgin da zai ɗauko kaya daga filin wata ƙasa ta waje irin tamu ya shiga da shi Turai sai ya samu amincewarsu a kan wannan filin takamaimai, ya fara aiki a 2012, daga Yulin 2014 kuma sai mai tantancewa mai zaman kansa ya zo da ƙafarsa ya ga na'ura da sito da ma'aikata. Amurka ta wajabta binciken duk kagon da zai hau jirgin fasinja ɗari bisa ɗari, ta kuma kafa tsarin ACAS wanda ya zama dole a 2018, sai an tura masu bayanin kaya ta kwamfuta kafin a loda, sunan mai aikawa da adireshinsa, sunan mai amsa da nasa, mene ne a ciki, ƙunshi nawa, nauyi nawa, lambar webil, in basu gamsu ba su aiko da umarnin kada a loda. Turai ma na da irinsa, ICS2. Daga ƙarshen Yunin 2021 kuma ICAO ta ce ko jirgin da ba ya ɗaukar fasinja sam, kayansa sai an yi masu irin binciken da ake wa na fasinja. To ka duba wannan ka dubi "tufafi kawai zamu rubuta" na ejan ɗina. Kalma irin su kyauta, tsaraba, kayan gida, kayan abinci, su ne na farko da kwamfutar can ke tsayarwa, mu kuma su muka ɗauka wayo.

Yadda yaron nan ya warware mani tsarin, na ga ashe abu ne da Bahaushe ya fi kowa sani, amana ce aka rubuta a takarda. Kaya hanya biyu ce ke sa a ce ya tsarkaka ya hau jirgi. Ko dai ya fito daga hannun sanannen mai aikawa, wato kamfani ko masana'antar da hukuma ta je ta duba inda suke haɗa kaya, ta ga wa ke shiga wa ke fita, ta ga an tantance ma'aikata an horar da su, sannan kayan ya bi hannun amintaccen ejan mai rajista da hukuma, a mota rufaffiya mai hatimi, har bakin jirgi ba wanda ya taɓa. Ko kuma in ba haka ba, a ɗauke shi a matsayin kayan da ba a san asalinsa ba a bincike shi tas. Mu ƙananan 'yan kasuwa duk a rukuni na biyu muke, kuma gaskiya nan ya dace da mu, katan ɗina ya kwana a tasha, ya hau bayan mota tare da buhunan wasu, an tsaya cin abinci a hanya, wa zai rantse ba a cusa komai ba? Ko kayan da aka riga aka bincika, in aka ga alamar an farke tef ko an huda kwali, ya koma sabo, har ma ana iya sa shi cikin masu babban haɗari da sai an bi su da hanyar bincike fiye da ɗaya. In an gama ana cika takardar shaidar tsaro da ke bin kayan, wa ya bincika, da wace hanya, yaushe, a sa alamar SPX in ya halatta ga jirgin fasinja da na kaya, ko SCO in na kaya kaɗai.

Binciken kansa kala-kala ne, akwai na'urar haska ciki, akwai ɗan ƙyallen da ake gogawa a jikin kwali a sa a inji ya shinshino ɓurɓushin sinadarin bam, akwai karnuka masu horo, akwai buɗewa da hannu. Nan ne na gane dalilin da yasa kayanmu na Arewa ke shan farkewa fiye da na wasu, a da ina zaton raini ne. A allon na'urar ƙarfe shuɗi yake fitowa, abin da ya samo asali daga tsiro ko dabba ko mai kuma ruwan goro, to su ma sinadaran bam a wannan launin suke fitowa. Garin kuka, yaji, dakakkiyar kuɓewa, man kaɗe, zuma, dabino, sabulun salo, duk dunƙule ne ruwan goro a idon mai kallo, in kuma ka danna su tam ka naɗe da baƙar leda da salatif zagaye goma yadda muka saba don kada yaji ya tashi, sannan kusa da su ga caja da waya, kai kanka in kai ne zaune gaban allon nan da rayukan mutane a wuyanka sai ka ce a buɗe. Yanzu a farar leda mai nuna ciki nake ƙulla komai, kowanne da sunansa da nauyinsa a jiki, kayan lantarki kuma katan ɗinsu daban.

Sai maganar kaya masu haɗari, wadda ita ce ta kada ni. Wannan ba maganar ɗan ta'adda bace, maganar mutumin kirki ce da bai sani ba. Rukuni tara aka kasa su, kuma abubuwan da ke cikin ɗakin kowace mace a Katsina suna ciki. Turaren da aka haɗa da sinadari mai kama wuta yana rukuni na ukku, kuma humra da yawa da irin waɗannan turarukan ake haɗa ta. Duk abin fesawa na gwangwani iskar gas ce a matse. Gawayin da ake kunna turaren wuta da shi, ashana, laita, man goge farce, fenti, maganin sauro, duk suna da hukuncinsu. Ba wai duka an haramta bane, wasu ana ɗauka amma sai an bayyana, an yi masu mazubi na musamman da tambari, wanda ya samu horo ya sa hannu, kuma kuɗɗinsu daban, abin da ejan ke gudu kenan. Batirin litiyam na waya da fawa banki da fitilar sola shi ne babba, in ya kama wuta da kansa yake ciyar da ita, abin kashe gobarar cikin jirgi ba lallai ya iya da shi ba. A Satumbar 2010 jirgin kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a lodin da ke da batura masu yawa, matuƙa biyu suka rasu hayaƙi ya cika masu wuri. Tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukar irin waɗannan batura tsurarsu a matsayin kago a jirgin fasinja, a jirgin kaya ma cajinsu kada ya wuce kashi 30. A 1996 a Amurka jirgin ValuJet ya faɗa fadamar Fulorida da mutum 110, sanadin wasu gwangwanayen samar da iskar shaƙa da aka loda da bayanin da ba daidai ba. Wanda ya cika wannan takardar bai yi niyyar kashe kowa ba, na tabbata, kamar yadda mai fawa bankin da ya rubuta takalma bai yi ba.

Yanzu bari in taɓo wadda zata ɓata wa wasu rai, al'adarmu ta saƙo. Mu mutane ne masu kara, maƙwabci ya kawo ƙulli a ɗaure yace don Allah sa mani cikin kayanka a ba ɗana a Madina, kunya ta hana ka ce buɗe in gani, in ka ce ma sai a ce ka zarge shi, magana ta kai ga iyaye. Ni an sha kawo mani kuma na sha amsa. To duk wanda sunansa ke kan webil shi doka ta sani, ba ruwanta da maƙwabci. Mun ga abin da ya samu ɗalibar nan da ta je Umara a ƙarshen 2018, aka tsare ta a Saudiyya kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta bata ma san da ita ba, watanni tana tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, sai da binciken NDLEA ya bankaɗo gungun da ke wannan aika-aika a filin jirgin Kano sannan aka sako ta a 2019. Wannan ita ko amsar saƙo bata yi ba, ina ga wanda ya amsa da hannunsa ya rubuta sunansa? Ni dai yanzu na yanke, ko yayana uwa ɗaya uba ɗaya ne sai mun buɗe tare a gabansa na ɗauki hoto, mutum biyu sun yi fushi sun daina gaishe ni, na ɗauka. Ina kira ga malamanmu su yi wannan bayani a mumbari, su faɗa wa jama'a cewa wanda yace buɗe in gani bai ci mutuncinka ba, kai mai kawo ƙulli a rufe kai ne ka ɗora mashi nauyin da bai kamata ba.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan ma har da waken gaske. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, sinadarin nan na fiya-fiya da wasu ke zubawa a buhu, manomin Mashi ko Dutsi da bai taɓa zuba komai a wakensa ba shi ma hanin ya hau kansa. Haka kago yake, in aka cika kama kayan ƙarya daga fili ɗaya sai a sa wa duk abin da ya fito daga nan ido, jirage su rage ɗauka, kuɗɗin kilo ya hau, mu masu gaskiya mu biya.

Duk da haka Edita kada a ɗauka na wanke hukumomi. Ban wanke su ba. Abin da na gani da idona ranar da na bi kayana har rumbun kago don in ga yadda ake yi, katan ɗaya sai ya bi ta hannun jami'ai kala-kala, kwastan, masu yaƙi da ƙwaya, masu duba tsirrai da dabbobi, masu duba abinci da magani, jami'an tsaron fili, kowa da aikinsa na halal ban musa ba, to amma mi zai hana su tsaya teburi ɗaya a buɗe sau ɗaya kowa ya duba a rufe a sa hatimi? Wannan ya yanka da reza ya maida tef sama-sama, wancan ya zo ya sake yankawa, shaddar mutum ta sha yaji, kuma shi kansa yawan buɗewar ya saɓa wa manufar tsaron tunda kowane buɗi ƙofa ce ta cusa wani abu ko zare wani abu. Sannan duk jami'in da ya amshi na goro ya ɗaga wa katan ƙafa ba tare da ya duba ba, ya sani ba gwamnati ya cuta ba, mutanen da ke zaune saman katan ɗin ya sayar, watakila da ɗan uwansa a ciki.

Babban ƙorafina dai shine rashin bayani. Duk abin nan da na zayyano da Turanci yake a rubuce, Turancin ma na lauyoyi, alhali masu aika huluna da turare da zoɓo da citta da riɗi da kayan fata daga Katsina da Daura da Funtuwa da Malumfashi, da yawansu mata ne da ke sana'a daga cikin gida da waya ɗaya, wasu boko bai yi nisa ba amma sun iya lissafi sun iya riƙon amana, in aka faɗa masu sau ɗaya da harshensu zasu kiyaye. Wa ya taɓa faɗa masu cewa kayan tsiro na buƙatar takardar shaidar lafiya daga NAQS, hukumar duba tsirrai da dabbobi, ko cewa mai fitar da kaya don kasuwanci na buƙatar rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, ko cewa kilishi da man shanu da duk dangin nama da madara Turai bata yarda a aika wa mutum su a ƙunshi daga ƙasa irin tamu ba, ko cewa goro na iya jawo wa mutum matsala a Saudiyya? Ejan ba zai faɗa ba, wani don shi ma bai sani ba, jiya yana ɗan kamasho a tasha yau ya buga kati ya zama mai kago, wani kuma don rashin saninmu shine ribarsa. Akwai na kirki a cikinsu, wanda nake aiki da shi yanzu sai ya buɗe komai a gabana ko a bidiyo, ya amshi kwafin katin shaidata, ya sa na sa hannu kan jerin kaya, farkon zuwa na ji haushi yanzu kuwa shi nake tura wa mutane.

Don haka ina roƙon NCAA ta wallafa sunayen amintattun ejan masu rajista a inda talaka zai gani, a manna a rumbunan kago na Kano da Abuja da Legas, a karanta a rediyo, mu san wa muke miƙa wa dukiyarmu. A fassara jerin kayan da aka hana da waɗanda sai an bayyana zuwa Hausa, da boko da ajami, da hotuna, takarda ɗaya tak ta isa. Gidan rediyon jiha da Companion FM su ware ko minti talatin a wata su gayyato jami'i mai jin Hausa a buɗe layi mutane su yi tambaya, yadda hukumar alhazai ke yi wa maniyyata bita kafin tashi, ai mun ga amfanin bitar nan. Ga Jami'ar Sufuri a Daura, ga kwalejin Hassan Usman a nan cikin gari, mi zai hana a buɗe gajeren kwas na sati biyu ko ukku kan haɗa kago da kaya masu haɗari, yaranmu da ke zaune su samu takarda su samu sana'a, mu kuma mu samu waɗanda suka san aiki a kusa da mu. Gwamnatin jiha da shugabannin 'yan kasuwa kuma su duba yiwuwar samar da wurin amsar kago mai rajista a Katsina, da na'urarsa da jami'ansa, a bincika a rufe a sa hatimi a nan, ko da motar zata kai shi Kano ne ya hau jirgi, tunda filin da ke iya tada jiragen alhazai kowace shekara bai kamata a ce mai katan biyu na huluna sai ya damƙa su a hannun direban tasha yana addu'a ba.

Kai ma Edita ina roƙonka, ka tura wakilinka ya kwana biyu a rumbun kago na filin Malam Aminu Kano, ya zauna da masu na'ura da ejan-ejan da matan da ke zuwa da kayansu, ya rubuto mamu abin da ya gani kashi-kashi. In yana son wanda zai fara da shi daga wannan ɓangaren, ranar Talata mai zuwa in Allah ya kai mu ina da katan ukku da zasu tafi, zan haɗa su a shago da safe a buɗe, yana iya zuwa ya gani tun daga ƙullin farko ya bi motar har Kano.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka, ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa.

Naku,
Mai sayar da huluna,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.